Ranar da Urpo Ya Ƙi Shiga Teku

Likita bai ɓoye wa Reijo komai ba: zuciyarsa ba za ta ƙara jure fitowa daga ɗakin surace a faɗa teku mai sanyi ba. Reijo kuwa matarsa kaɗai ya gaya wa, ita ma sai da ya sa ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba. Ga shi Asabar ta zo, sun iso gidan katakon nan na bakin teku shi da Aulis da Urpo, abokansa tun na samartaka, kamar yadda suke yi duk shekara in ganye ya fara zuba. Tun a mota ya gama shawara da ransa: gara ya faɗa ruwan, abin da zai faru ya faru, da a riƙa yi masa kallon tausayi.

Sai dai tun wajen hura wuta a ɗakin surace al'amura suka rikice masa. Aulis, mutumin da ba ya yarda ɗaki ya yi zafi sai kunne ya fara toyewa, 'yan itatuwa kaɗan ya jefa a murhu. Da suka hau benci kuma ludayi ɗaya na ruwa ya watsa wa duwatsun murhu masu ba da tururi, ya ajiye.

"Kai tsoho, ƙara ruwa mana," in ji Reijo. "Jariri muke wa wanka?"

"Itacen ne a jiƙe," in ji Aulis, yana kallon yatsun ƙafarsa.

Reijo kuwa da hannunsa ya ɗebo itacen nan, a bushe yake ƙamas.

Da gumi ya ɗan tsattsafo sai Reijo ya miƙe. "To, mu je teku."

"Ban da ni," in ji Urpo. "Mura ke son kama ni."

"Kai? Kai da ka fasa ƙanƙara da gatari bara da hunturu don ka yi wanka?"

"Bara daban. Zauna ka ci kifi, sarkin surutu."

Ruwan ɗumi suka sheƙa da bokiti a baranda, kamar wasu masu jego. Ya kamata Reijo ya yi murna, amma sai hankalinsa ya tashi. Faɗa suka yi ba da saninsa ba? Ko wani ciwo Urpo yake ɓoyewa? Ya ƙura masa ido suna cin baƙin burodi, har ya ga kamar ya rame.

Da safe ya farka, gadajensu wayam. Ya leƙa ta taga. Ga su can a kan gadar katako, tsirara, suna sanɗa zuwa wajen tsani. Urpo, wanda ihunsa in ya taɓa ruwa har tsibirin ƙetare ake ji, ya cusa tawul a baki kafin ya sauka. Aulis na waiwayen gidan, yatsa a kan leɓe.

Ashe sun san da ciwon zuciyarsa. Haushi ya kama Reijo, kunya ta biyo baya, sai kuma ƙaunar tsofaffin banzan nan ta cika masa ƙirji, ya rasa wanne zai bi. Da ya hango sun taso suna karkarwa, sai ya koma gado da sauri, ya ja bargo, ya fara minshari.