Kwamanda Ya Shiga Aji

A sashen leƙen asiri na sojan ruwa aikinsa sauraro ne. Yana zaune a ɗaki marar taga, na'ura a kunne, taswirar teku a bango, yana bin sawun jiragen da ba sa so a san inda suka dosa. Da ya yi ritaya sai ya koma karatu har ya zama dakta, jami'a ta ɗauke shi koyar da tarihin cinikin teku. Can ma Kwamanda ake ce masa.

Sai dai bakinsa ya saba da kulle. Ranar farko wata ɗaliba ta ɗaga hannu.

"Malam, ta yaya ake gane jirgin fasa-ƙwauri?"

"Wa ya aiko ki?" Ya faɗa kafin ya ankara.

Kunya ta rufe shi, ya yi ta goge allon da babu rubutu a kai.

A gida matarsa ta yi dariya har da hawaye. "Baban yara, hali zanen dutse! Bakin nan za a biya ka ka buɗe, kai kuma kana gadinsa. Ka ba su abin da ba sirri ba ne mana."

Washegari ya ajiye alli, ya zauna a gefen tebur. Ya ba su labarin wani jirgi da ya taɓa sa wa ido saboda yana kashe fitila, yana kauce wa hanya. Ya rantse wa manyansa makamai ne a ciki. Aka tare jirgin da shirin yaƙi, aka buɗe rumbunsa, sai ga jakuna suna kallon sojoji. Matuƙin tsoron ɓarayin teku yake yi.

"Da na je gani da idona, har ɗaya ya cije min hula," in ji shi.

Ajin ya kece da dariya, shi ma ya taya su. Daga nan tambayoyi suka ɓarke, ya zana mashigin ruwa a allo, ya nuna inda zato ke yaudarar mai bincike. Lokaci ya ƙare ba wanda ya motsa, sai da malamin lissafi ya leƙo yana nuna agogo.

Kafin ƙarshen zangon sai da aka mayar da darasinsa babban zaure, don har ɗaliban likitanci suna satar shiga.