Ezekiya Magini da Jirgin Ɗansa

Duk wanda ya san Ezekiya magini a unguwar Lamorde ta Mubi ya san mutum ne da ba ya wasa da siminti. Shekara arba'in da ɗoriya yana riƙe da cokalin gini, kuma har yau ba wanda ya taɓa zuwa ƙofar gidansa ya ce katangar da ya ɗora ta tsage. In mai gida ya ce a rage siminti a ƙara yashi, Ezekiya zai sauko daga kan tsani, ya wanke hannunsa, ya kama hanyar gida, ko sai an jima ba zai ce ba. Taurin kai ne, kowa ya sani, amma irin taurin kan da mutane ke bin layi suna nema.

Ɗa ɗaya Allah ya ba shi, Kwaji, malamin sakandare. Shi kuwa Kwaji yana da wata ɗabi'a da ta fi ƙarfin fahimtar uban. Mutum da gemunsa, da matarsa Margret, da 'yarsa Eva, amma ransa na kan kayan wasa: wasu ƙananan bulo na roba, da yawansu ba su kai kan ɗan yatsa ba, waɗanda ake harhaɗawa su zama jirgin sama mai kashe gobara. Shekara biyu ya yi yana kallon hotonsa a waya kafin wani abokinsa ya taho masa da kwalin daga Legas. Launinsa ruwan ɗorawa ne da ratsin ja, farfela biyu, da tanki a ciki. In an danna wani ɗan maɓalli a bayansa sai cikin ya buɗe, 'yan ƙwayoyi shuɗɗa su zubo a madadin ruwa. Kwaji kan ɗaga shi sama ya danna, ya yi ta dariya kamar wanda aka yi wa albishir.

Ezekiya ya san inda abin ya samo asali, ko da yake ba ya son tunawa. Shekarar da mahara suka shigo gari aka gudu daga Mubi, suna kan dutse suna hango hayaƙi na tashi daga wajen unguwarsu, Kwaji yana saurayi ya ce, "Baba, a wasu ƙasashe jirgi ne yake zuwa ya zuba ruwa." Ezekiya ya ce masa ya rufe wa mutane baki. Da suka dawo, da hannunsa ya sake tayar da gidan tun daga tushe.

Abin da ya fi ba shi haushi shi ne ranar Lahadi. In an taso daga sujada a coci an ci abinci, ya leƙa sashen Kwaji, sai ya tarar da jirgin nan kaca-kaca a kan tabarma, uba da 'ya sun durƙusa suna tsince-tsince. Jiya lafiya lau yake a kan tebur, yau ya tarwatse.

"Ya sake rushewa ke nan?" in ji Ezekiya. "An cuce ka, yaro. Gini ba siminti, ina zai tsaya?"

Kwaji sai ya yi murmushi ya ce, "Baba, zo ka zauna ka gani mana."

Bai taɓa zama ba. Yana da abin yi, in ji shi.

A farkon damina zazzaɓi ya kama Kwaji. Kwana tara ya yi, a na goma aka kai shi makwancinsa. Ba sai an tsaya bayanin yadda gidan ya koma ba. Wanda ya taɓa binne ɗa ya sani, wanda bai taɓa ba Allah ya raba shi da sani.

Eva tana da shekara bakwai. A da, in Ezekiya ya dawo daga aiki ya ce, "Ina amaryata? Ba ruwan sha ne?" sai ta murguɗa baki ta ce ita ba za ta auri tsoho mai furfura ba, ta ruga ta kawo ruwan. Yanzu in ya kira ta, za ta zo, ta durƙusa ta miƙa kofin, ta koma gefen uwarta. Dariyarta ta ɗauke ɗif. Wannan ya fi komai ci wa tsohon rai.

Bayan wata uku Margret ta same shi a ƙarƙashin mangwaro, ta zauna nesa kaɗan, ta ce yayanta ya samo mata aiki a Yola, ranar Asabar za su tashi ita da Eva. Ezekiya ya ce Allah ya sa albarka, don ba shi da bakin hanawa. Amma tsoro ya kama shi. Yola ba bangon duniya ba ce, sai dai kan yaro ba ya riƙe abu da daɗewa, kuma abin da Eva za ta tafi da shi daga gidan nan kuka ne da baƙaƙen kaya. Yana so ta tafi da wani abu na ubanta a hannu, abin da zai riƙa tuna mata gidan Lamorde. Yana kuma so, ko sau ɗaya ne, ta dube shi ta yi dariya kafin mota ta tashi.

Ranar Litinin yana taya Margret sauko da akwatuna daga kan kabad, sai ya ga kwalin. Ya buɗe. Gangar jikin jirgin a haɗe take zuwa rabi, sauran bulon a zube, yadda suka bar shi Lahadin ƙarshe. Ya sa kwalin a hammata ya wuce ɗakinsa, bai gaya wa kowa ba.

Ya sa tabarau, ya jawo tebur bakin taga, ya buɗe ɗan littafin da ke cikin kwalin. Babu rubutu ko ɗaya, hotuna ne zalla, shafi bayan shafi. Da farko yana yi yana tsaki. Kafin azahar tsakin ya ƙare. Ya ɗauki bulo biyu ya jera su, ya kanne ido ɗaya yadda yake duban katanga, bai ga bambanci ba ko na ƙwayar gero. Ya ga yadda aka sarƙa su, na sama ya hau kan gaɓar na ƙasa, daidai yadda aka koya masa yana lebura.

Washegari amininsa Sajo, wanda ya shekara talatin yana kawo masa yashi daga mayo, wato kogi, ya biyo ya duba shi. Ezekiya ya ja shi ɗaki ya rufe ƙofa.

"Sajo, zo ka ga ikon Allah. Ba igiya, ba ma'auni, amma dubi kwana yadda ya fita. Wanda ya zauna ya tsara wannan abu, magini ne na gaske. Dubi nan, har wurin ɗiban ruwa ya yi masa a ƙasa."

Sajo ya sunkuya ya duba, ya ce, "Kai ne fa kullum kana zagin yaron a kan abin nan."

Ezekiya ya mayar da ido kan littafin. Ya juya shafi, ya daɗe yana kallonsa ba tare da ya ga komai ba. Nadama ce ta taso masa, mai ɗaci, don da ya zauna Lahadi ɗaya tak, da shi da ɗansa sun sami abin hira.

Sai dai yatsun magini ba na wannan aiki ba ne. In ya danna fiffike, wutsiya ta fita. In ya mayar da wutsiya, taya ta gangara ƙarƙashin gado. Ranar Laraba da kyar ya kai ƙarshe, ya ɗaga jirgin ta fiffike don ya duba cikinsa, sai ga fiffiken a hannunsa, sauran a ƙasa warwatse. Ya tsaya yana huci. Ya tuna ramukan hanyar Yola, ya tuna yadda ake danna kaya a bayan mota. A ganinsa, ashe wahalar da ɗansa ya yi ta sha ke nan duk mako: kaya mai kyau, tsari mai kyau, amma an manta da abin riƙewa.

Ya je kasuwa ya sayo gam ɗin nan sufa-gulu guda shida. Sajo ya gan shi da su ya ce da irin tasa Hausar, "Baban Kwaji, da ka tambayi matan yaron tukuna. Watakila ya san yadda suna yi."

"Ni za a koya wa gini?" in ji Ezekiya.

To, a nan fa ya nuna shi gwani ne, kuma gwanintar ce ta kai shi ta baro. Ya warware komai ya fara daga shafin farko. Kowane bulo sai ya ɗiga masa gam da tsinken tsintsiya, ya danna, ya ƙirga goma, ya goge gefen da tsumma kada ya yi tabo. Bai bari ko ɗigo ya taɓa farfela ba, suna juyawa sumul. Maɓallin tanki ma ya kiyaye shi. Kwana biyu cur yana abu ɗaya, fatar yatsunsa ta yi fari ta ɗaɗɗaye. Yana yi yana magana ƙasa-ƙasa, wai, "Ka gani, Kwaji? Haka ake yi."

A shafin ƙarshe littafin ya nuna ɗan mutum mai farar hula zaune a kujerar matuƙi. Ezekiya ya zazzage kwalin, ya share ƙarƙashin gado, bai gan shi ba. Ya ce ya ɓace ke nan. Ya rufe gilashin gaban, ya bi gefensa da gam don kada shi ma ya faɗi a hanya.

Ranar Asabar da safe mota ta tsaya a ƙofar gida. 'Yan zumuntar mata ta coci sun zo sallama, an yi addu'a, an ɗaure katifa a sama. Eva na tsaye jikin uwarta cikin rigar zuwa coci. Ezekiya ya fito da abu a lulluɓe da tawul.

"Amaryata, zo ki karɓi kayan lefenki."

Ta zo a hankali. Ya yaye tawul ɗin.

Fuskar yarinyar nan ta buɗe gaba ɗaya. Ta ce, "Jirgin Dadi!" da ƙarfi, har matan suka waiwayo. Ta dubi kakanta ta yi dariya, ga giɓin haƙoranta a waje. Ezekiya ya ji kamar an sauke masa buhun siminti daga ka.

Ta durƙusa ta ajiye jirgin a ƙasa, ta cusa hannu a aljihun rigarta, ta fito da ɗan mutumin nan mai farar hula. Fentin fuskarsa ya soma gogewa saboda riƙo.

"Ashe yana wurinki," in ji Margret a hankali. Ta dubi surukinta. "Tun ranar jana'iza hannunta ba ya fita daga aljihu. Ban san abin da yake ciki ba."

Eva ta sa farce ta ja gilashin. Bai motsa ba. Ta sake ja. Ta kama fiffike ta murɗa yadda ta saba, ta gwada wutsiya, ta gwada taya.

"Kaka, ya ƙi buɗewa."

"Ai na gyara miki shi," in ji Ezekiya da fara'arsa. "Ba zai sake rushewa ba. Ko ƙasa ya faɗi, ba abin da zai same shi."

Yarinyar ta dubi uwarta. Margret ta sa hannu ta rufe baki. Ta matso kusa da tsohon, ta rage murya don kada matan su ji.

"Baba, ba rushewa yake yi ba. Su ne suna warware shi da kansu. In sun gama haɗawa, Eva ta sa direba a ciki, su yi wasan kashe gobara, sai ran Lahadi su ɓare shi su fara kuma. Haɗawan ne wasan. Na yi niyya in mun zauna a Yola ni da ita mu ci gaba."

Ezekiya ya dubi jirgin da ke gaban yarinyar. Ya laluba aljihu ya fito da 'yar wuƙarsa, ya durƙusa, ya kai bakinta gefen gilashin.

"Kar ka fasa!" in ji Eva, ta rufe jirgin da hannu biyu. "Kaka, kar ka fasa."

Ya janye wuƙar. Ya san aikinsa. Abin da ya liƙa ba ya buɗewa sai dai ya karye.

"Dadi ya ce in ya warke za mu gama," in ji ta, ba ta kallon kowa. "Ya ce ni zan sa direba."

Direban motar ya danna ham sau biyu, ya ce rana tana yi.

Eva ta miƙe. Ta ɗauki jirgin da hannu biyu, ta miƙa wa kakanta, ta ɗan rusuna yadda aka koya mata.

"Na gode, Kaka."

"Naki ne," in ji shi. "Tafi da shi, amaryata. Naki ne."

"Ɗauki mana, Eva," in ji Margret.

Ta girgiza kai. "A bar wa Kaka. Ya riga ya gama."

Ta mayar da ɗan mutumin aljihu ta shiga mota. Margret ta tsaya kamar za ta ce wani abu, sai ta durƙusa ta ce, "Baba, sai mun zo hutu," ta bi 'yarta.

Ezekiya bai yi kuka ranar da aka binne Kwaji ba, don mutane na kallonsa. Yau ma mutane na kallo, amma hawayen ba su nemi izininsa ba. Yana tsaye a ƙofar gida rungume da jirgin, ya ɗaga hannu ɗaya yana jiran ta waiwayo ta taga. Motar ta gangara ta sha kwana wajen babban titi, kan Eva na sunkuye.