Gwajin Hanjin Kafinta

Bayan rasuwar babbar yayarsu, likitar da ta riƙa duba ta ta kira ƙannen marigayiyar biyu ofis. Ta ce ciwon dajin hanji ne ya yi ajalinta, kuma a wasu gidajen yakan bi jini, don haka su ma a duba su tun kafin su ji wani abu. Auta, wanda ke tuƙin motar kaya, ya je a cikin watan. Kafinta kuwa ya ce shi lafiyarsa ƙalau, bai ga dalilin kai wa asibiti kansa ba.

Kafinta mutum ne mai baki. A ƙofar shagonsa akwai wani dogon benci da ya haɗa da ragowar katako, inda tela da mai gyaran fanka da mai faci ke zama da la'asar, shi yana goge katako yana ba su dariya. Wata rana Auta ya ja shi gefe ya gaya masa yadda aka yi gwajin: an ba shi maganin wanke ciki, an sa shi barci, an zura siririyar kyamara ta baya, har an cire wani ɗan tsiro.

"Yaya, ka je. Wallahi ban ji komai ba."

Washegari da Auta ya zo, Kafinta ya ajiye guduma ya ɗaga murya.

"Ku tashi ku ba Jarumi wuri! Ƙanena ya shiga fim, amma ta ƙofar baya aka ɗauke shi."

Mai faci ya yi dariya har da faɗowa daga benci. Auta ya yi murmushin yaƙe, ya ɗan zauna, ya ce yana da lodi. Sunan ya bi shi har tasha. Tun daga nan sai dai su gaisa a waya, a taƙaice.

Shekara ta zagayo, Kafinta ya fara ganin jini in ya zaga. Ya ce basir ne, ya sha jiƙe-jiƙe, abin bai daina ba. Wata safiya ya ce wa matarsa zai je sayen ƙusa, ya zarce asibiti.

Likitar ta gane shi. Bai iya haɗa ido da ita ba, sai ya zuba wa teburinta ido, yana lura da inda aka yi ha'inci a haɗin ƙafar.

"Likita, an ce akwai gwaji na hoto. Wanda mutum zai kwanta kawai na'ura ta haska shi."

"Akwai, Baba. Amma kada a ruɗe ka. Shi ma sai ka sha maganin wanke ciki, kuma sai an sa ɗan bututu an hura iska don hanjin ya buɗe. Sauƙinsa, ba a sa mutum barci, da ƙafarka za ka koma gida. Sai dai hoto gani kawai yake yi, ba ya cirewa, ƙananan tsiro ma sukan ɓuya masa. In ya ga wani abu, dole a dawo ga kyamarar. Kai da ke ganin jini, ga tarihin yayarka, kyamarar nake ba ka shawara."

"Ita kyamarar, sai da ɗan rakiya?"

"Sai da shi. Ba ma sallamar wanda aka sa barci shi kaɗai."

"To a yi mini hoton."

Ta dube shi na ɗan lokaci, ta rubuta.

Ranar shan maganin bai zauna a gida ba, don kada matarsa ta yi tambaya. Ya buɗe shago kamar kullum. Kafin la'asar ya yi sawu tsakanin shago da bayin da ke bayan layin ya fi a ƙirga. Tela ya leƙo ta saman tabarau.

"Yau kuma wa ka ci wa abinci ba izini?"

Aka yi dariya. Kafinta, wanda bai taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba, ya riƙe cikinsa ya wuce da buta.

Ɗakin hoton sanyi ƙalau. Aka ba shi wata riga mai tsage a baya, ya riƙe tsagen da hannu biyu. Ma'aikacin, wanda bai fi sa'ar babban ɗansa ba, ya ce ya kwanta a gefe ya naɗe gwiwa. Da iskar ta fara shiga, cikinsa ya kumbura kamar tayar da mai faci ke gwadawa, idonsa biyu, yana jin komai. Ya runtse ido, yana fatan ƙasa ta tsage.

Sakamakon ya nuna tsiro guda mai ɗan girma. Likitar ta juya masa allon kwamfuta ta nuna masa da bakin biro.

"Ga shi nan. Ban san ko mugu ba ne sai an ciro an auna. Ka zo da wani."

A gida ya kasa cin abinci. Matarsa ta zauna a bakin gado ta ƙi tashi, har ya faɗa mata, yana kallon bango. 'Ya'yansu maza duk suna nesa, ita kuma ciwon gwiwa ba ya barin ta hawa matakala.

"Ka kira Auta mana, Baban yara."

"Da wane bakin?"

Aka sa ranar gwajin kyamarar. Ya sake shan maganin nan mai ɗanɗanon ruwan gishiri, wannan karon a gida. Da safe yana ɗaura igiyar takalmi ya ji ƙugin babbar mota a ƙofar gida. Ya dubi matarsa, ta kau da kai tana ninke zane.

"Ina kwana, Yaya. Shigo mu tafi, kada a kira ka ba ka nan."

A hanya Auta ya yi ta zancen tsadar taya da lalacewar titi. Kafinta ya jira a rama masa. Ya ma shirya yadda zai karɓa, ya yi dariya, su zama ɗaya da ɗaya. Ba a rama ba. Auta ya miƙo masa tsohon bargo daga bayan kujera, ya ce ɗakin akwai sanyi, shi ma ya ji jiki a lokacinsa.

A asibiti, abin da Kafinta ya tuna shi ne allura a bayan hannu, sai kuma ya farka a wani ɗaki mai labule, Auta na zaune riƙe da wandonsa da hularsa a cinya. Kafin ya ce komai, iskar da aka hura masa ta fita da ƙara mai tsawo, har matar da ke bayan labule ta yi gyaran murya. Kafinta ya ja bargo ya rufe fuska.

"Saki abinka, Yaya, haka ake so. Nas ta ce ba za su sallame ka ba sai ta fita."

Daga ƙarƙashin bargon ya ce, "Auta, maganar nan da na yi a shago..."

"Ta yi mini ciwo," in ji Auta. "A tasha har yaran mota suna kira na da shi. Ɗaga ƙafarka in sa maka wando."

Ya ɗaga.

Likitar ta ce tsiro uku ta cire, biyu ƙanana ne da hoton bai gani ba. Da aka auna babban, aka ce ya fara juyawa zuwa daji amma bai kama jikin hanjin ba. Za a riƙa duba shi a kai a kai, kuma 'ya'yansa su zo da wuri, kada su jira shekarunsa.

Wannan ne ya fi ba shi wuya. Ya yi kwanaki yana ɗaukar waya yana ajiyewa. Ranar da ya kira babban ɗansa, sai da ya shige can cikin shago, bayan tulin katako, ya yi ta kewaye-kewaye, daga aiki zuwa lafiyar jikoki.

"Baba, lafiya dai? Muryarka wani iri."

"Lafiya lau. Kana kusa da mutane ne? To fita waje, akwai gwajin da nake so in yi maka bayani."