Jarrabawar Hamdiyya a Ɗakin Inna Rabi

Wata goma sha ɗaya Hamdiyya ta yi tana karatun haɗa kwamfutoci, ba malami, ba aji. Tsohuwar laftof gare ta, sai littafi guda da ta sauke kyauta, sai wata ruɓaɓɓiyar rauta, na'urar rarraba intanet, da ta tsinta a kasuwar Lolo wurin mai gyaran rediyo. A gidansu na Bagudo, wayarta kan tsallake da kanta ta kama netwok ɗin ƙasar Benin, ta cinye datar mako cikin wuni ɗaya. Haka ta daure, abin tausayi.

Satifiket take nema, don da shi kaɗai za a ɗauke ta aiki a Birnin Kebbi. Kuɗin jarrabawa sau ɗaya ta iya haɗawa, zuwa cibiyar jarrabawa a birni kuwa ya fi ƙarfinta. Sai ta zaɓi yi daga gida, mai sa ido na kallonta ta kyamara daga wata ƙasa. Dokar a fili take: ba mai shigowa, ba ta magana da kowa. Ta yi magana, an soke.

Ranar jarrabawar, da hantsi, ta shiga ɗakin gwaggonta, Inna Rabi, inda netwok ya fi zama, ta sa sakata. Inna Rabi ta kwashe mutanen gida kaf zuwa maƙwabta. Babu wanda ya tuna da Malam Badamasi, kakan Hamdiyya, wanda ya ji labari a Kende ya hau babur ɗin haya da ciwon gwiwarsa.

Ta wuce rabin tambayoyin, kuma tana jin ta san su, sai ta ji sandarsa a tsakar gida.

"Salamu alaikum."

Ta dafe baki. Ya sake, ta runtse ido. A na uku muryar ta raunana, irin ta mai shirin juyawa. Tun tana 'yar shekara uku ba ta taɓa barin sallamar tsohon nan ta faɗi ƙasa ba. Bakinta ya riga ta.

"Wa alaikumus salam, Kaka."

Allon ya tsaya cak. Rubutu ya fito cewa an ji ta tana magana da wani, an rufe jarrabawa. Ta rubuta roƙo, ta ce gaisuwa ce kawai. Wa zai fahimtar da mutumin can? Ba a amsa ba.

Ta zare sakata. Tsoho na tsaye, ƙafafunsa duk ƙura, yana murmushi.

"Amaryata, ashe kina ciki. An ce mini yau ta jarrabawag ga. Na zaka in yi miki addu'a tun ba ki fara ba."

Ta durƙusa a gabansa, ya ɗora mata hannu a ka.

"Allah shi ba ki sa'a, ɗiyata."

Ta ce, "Amin, Kaka."