Sunan Surukin Merelin

A cocinmu na tsibirin Mota Lava, ranar tunawa da dukan tsarkaka, Fada yakan fara da su Bitrus da Bulus, sannan kowane gida ya tashi ya kira sunan mamacinsa, jama'a su amsa, "Ya Ubangiji, ka ba shi hutawa." Gida ne ke kiran nasa, ba a yi wa wani.

Nan Merelin ta shiga tsaka mai wuya. Surukinta, tsoho Edmon, ya rasu a bana, mijinta kuwa, ɗansa tilo, yana Ostareliya wajen tsinkar inabi. Ita kaɗai ta rage a gidan, ga shi a wurinmu mace ba ta kama sunan uban mijinta, yana raye ko ya mutu. Idan ta yi shiru, za a tsallake tsohon a shekararsa ta farko, kamar ba a taɓa yinsa ba. Ta kuwa ƙaunace shi ƙwarai, duk da halinsa, don shi ya koya mata dashen gwaza lokacin da ta zo baƙuwa.

Merelin mace ce mai bin diddigi, sai ta shiga tambaya. Shin sunan da aka kira a zuci yana isa inda na baki ke isa? Su tsarkakan da ke can, suna jin kunyar surukansu? Fada Alban, wanda daga wani tsibiri aka kawo mana shi, ya ce ta faɗa kawai, babu zunubi. Faɗi da sauƙi, tunda ba bakinsa ba ne. Gwaggonta kuwa ta ce Allah dai ya san sunan, amma mutanen gari ba za su manta da bakin da ya faɗa ba.

Ran Lahadi aka buga tsohuwar tukunyar gas da muke yin ƙararrawa da ita, coci ya cika. Gida bayan gida suna tashi. Da aka zo kan Merelin ta miƙe, ta buɗe baki.

"Uban mijina," ta ce, ta tsaya nan.

Ba wanda ya amsa, don suna ake amsa wa. Merelin ta ji kunya da baƙin ciki, ta fara neman benci da hannu.

Daga layin baya wata tsohuwar murya ta ce, "Edmon. Edmon mai taurin kai."

Barnabas ne, maƙwabcin da suka tsufa suna rigima da marigayin kan wani alade da ya yi ɓarna a gona. Ko jana'izar bai je ba. Jama'a suka kalli juna, sannan suka amsa baki ɗaya, Merelin tana cikinsu.

Da aka tashi ta bi shi har gindin kwakwa, don abin ya tsaya mata a rai.

"Baba, kai da ba kwa ga maciji da shi, me ya sa?"

Ya gyara sandarsa, bai kalle ta ba.

"'Yata, duk tsibirin nan ba bakin da ya kira sunan nan kamar nawa, da zagi ne kawai. Tun da ya tafi ban sami dalilin kiransa ba." Ya share ido da bayan hannu. "Baɗi ma in mijinki bai dawo ba, ki tashi ki tsaya."