Jinin Samarin Bayan Masana'anta

A asibitin koyarwa kowa Likitar Ƙoda yake ce mata, har mijinta idan tsokana ta motsa masa. Mace ce mai saurin tafiya, marar yawan magana, kuma tun bara abu ɗaya ya tsaya mata a rai. Samari ne suke ta zuwa ɗakinta da kumburarrun ƙafafu, ƙodarsu ta gaji kamar ta tsofaffi, kuma kusan dukkansu daga unguwar da ke bayan masana'antar batir. Ita ruwan rijiyoyin unguwar take zargi.

Ta kai maganar gaban kwamitin bincike, aka ce ta yi haƙuri, abin da sashen ya sa a gaba shi ne babban aikin da ake yi da wasu baƙi daga ƙasar waje a kan ciwon mantuwa na tsufa. Ta so ta ce marasa lafiyarta ba sa kaiwa shekarun da za su yi mantuwa, amma ta haɗiye. Sai ta ci gaba da ɗibar jininsu da yardarsu, tana ajiyewa a can ƙasan babban firjin ɗakin gwaji, wanda baƙin suka saya.

Wata safiya ta buɗe firjin, ta tarar akwatunanta sun hau kantar sama. An jera su tsaf, an manna wa kowace kwalba sabuwar lamba a kan rubutun hannunta. Ta juya wajen dattijuwar da ke kula da ɗakin, wadda ke wanke kwalabe a bakin famfo.

"Inna, wa ya taɓa min kaya?"

"Wane kaya kuma?" Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ban da nawa, makullin firjin nan biyu ne, naki da na Farfesa."

"To, ai kin ba kanki amsa. Nawa dai ga shi a aljihu."

Farfesa shi ne shugaban sashen, kuma shi ya koyar da ita tun tana ɗaliba. Shekara guda ke nan gaisuwarta ma da ka yake amsawa. Amma ran nan da kansa ya aiko a kira ta, ya jawo mata kujera, har da zuba mata shayi.

"'Yata, yaya samarin naki? Nawa ne yanzu suke kwance?"

Kalmar 'yata ɗin nan ita ta fi tayar mata da hankali. Ta amsa a taƙaice, tana kallon hannunsa yana juya cokali a kofi. Bai ambaci firji ba, ita ma ba ta ambata ba. Da za ta fita ya ce ta zo taron baƙi ranar Alhamis, ta zauna a gaba.

A gida ta ba mijinta labari yana gyaran fanka a tsakar falo. Ya yi dariya.

"Ke dai ba a iya miki. An share ki kin yi fushi, an ba ki shayi kin ce da guba."

"Ban ce da guba ba. Cewa na yi da dalili."

"To ki sha shayin, ki bar dalilin a kofi."

Ba ta yi dariya ba.

Ranar taron, bayan an gama zancen ciwon mantuwa, Farfesa ya haska hoto a bango. Ƙafar wani saurayi ce a kumbure, kuma ita ta ɗauki hoton da wayarta. Ya kira ciwon samarin sabon reshen aikinsu. Baƙin suka gyara zama. Shugabarsu, wata mata mai furfura da sanyin murya, ta ce suna so a tura musu jinin, su duba ko ciwon a cikin gado yake.

Likitar ta ɗaga hannu. "Ruwan da suke sha fa?"

Matar ta yi murmushi, ta ce tambaya ce mai kyau ƙwarai, sai dai ruwa ba ya cikin abin da aka amince musu su bincika.

Tana fitowa Farfesa ya tare ta a baranda, ya rage murya.

"Na san abin da kike tunani. Ni na sa aka canza lambobin, don baƙin ba sa kallon abin da ba a kan tsarinsu yake ba. Wata nawa kina buga ƙofa ba a buɗe ba? Idan suka karɓi jinin, sun yi alkawarin injin wankin ƙoda. Samarinki ne za su hau shi, ba ni ba."

"Malam, da ka tambaye ni."

"Da kin ƙi."

Gaskiya ya faɗa, kuma wannan ne ya ƙara ɓata mata rai. Ta duba fuskarsa tana neman inda ƙaryar take, ba ta gano ba. Ta ce jinin ba nata ba ne, ba kuma na sashen ba, sai ta sake tambayar masu shi. Kuma sai an ba ta dama ta kai ruwan unguwar sashen kimiyya na jami'a a gwada. Nan take ya ce ya yarda. Saurin yardar nan ta yi ta juya shi a ranta har ta isa mota.

Ta bi gadajen ɗaya bayan ɗaya tana yi wa samarin bayani. Wasu suka ce a kai, wasu suka ce a bar musu jininsu a inda suke ganinsa. Na waɗanda suka yarda ya tafi cikin akwati mai ƙanƙara. Injin bai zo ba sai da aka ci watanni, kuma da ya zo, tsoho ne da aka yi wa kwaskwarima, amma yana aiki. Har yau ba ta sani ba ko Farfesa ya san haka tun farko.

Sakamakon ruwan ya riga na jinin fitowa. Akwai dalma a cikinsa, irin wadda ake haɗa batir da ita, da yawa. Ta kai wa Farfesa, ya karanta a tsaye, ya ce a bi a hankali, masu masana'antar manya ne. Ba ta jira ba. Ranar hutunta ta cika bayan mota da jarkokin ruwa mai tsabta, ta nufi unguwar.

Mutane suka taru a bakin babbar rijiyar. Ta yi musu bayani da sauƙin harshe, ta roƙe su su daina sha, su daina dafa abinci da shi. Sai wata mata ta matso, uwar saurayin da aka haska ƙafarsa a bango, wanda ya rasu kafin injin ya iso.

"Ke ce kika ɗebi jinin ɗana?"

"Ni ce, Mama."

"An ce kin tura shi ƙasar waje. Me suka ba ki?"

"Ba su ba ni komai ba. Shi da bakinsa ya yarda."

"Mutum yana kwance, ke ce mai allura, zai ce miki a'a?"

Wani dattijo daga baya ya ce wa ya sani ma ko masana'antar ce ta aiko ta, don a rufe rijiyar a tashe su daga unguwar. Aka yi ta gunaguni. Matar ta sunkuya ta buɗe jarka ɗaya, ta sansana ruwan, sannan ta miƙa mata.

"Fara sha mu gani."

Likitar ta karɓa da hannu biyu, ta kafa kai ta sha har ya zubo mata a riga. Daga nan matar ta ɗauki jarkar ta ɗora a ka, ta wuce gida. Sauran jarkokin suna nan a bayan mota, ba wanda ya taɓa su tukuna.