Guntuwar Tsintsiya

Mijina Ɗanladi ɗan dambe ne a can Najeriya kafin ya zo Injamena ya buɗe shagon takalma. Ni kuwa a unguwar Ridina aka haife ni, kakannina mahajjata ne da suka yada zango a nan, ba su ƙarasa ba. Shekara shida da aurenmu, ina kallon mutumin nan yana lalacewa a kan benci. Ciki ya fito, fara'a ta tafi, in ya dawo gida sai ya kwanta yana kallon tsofaffin wasanninsa a waya. Abin yana ci mini rai, don ba wannan na aura ba.

Shi ya sa ranar da ya ce ya ji ana koyar da kunfu, faɗan nan na hannu da ƙafa, a unguwar Shagwa, ban bari ya rufe baki ba na ɗauko mayafi. Dole in bi shi, domin Larabcinsa bai wuce na ciniki ba, Faransanci kuwa ko gaisuwa bai iya ba. Ni ce tafinta.

Malamin, wanda ake kira Metir Jimadum, siriri ne, ba ka ce zai iya ɗaga bokiti ba. Ɗanladi ya naɗe hannun riga yana nuna masa damtse, ya ce in gaya masa maza nawa ya kayar a fili. Na faɗa, har na ƙara biyu. Metir bai ko kalli damtsen ba. Ya ce ya haɗe ƙafafu, kada ya lanƙwasa gwiwa, ya sunkuya ya ɗora tafin hannu a ƙasa.

Yatsun Ɗanladi a ƙwauri suka tsaya. Ya yi nishi, ya ƙara, ba su motsa ba.

Metir ya ce ƙarfi akwai, amma jikin a ɗaure yake, in ya fara harbi da ƙafa a haka jijiya zai tsinka. Sabon aji zai fara nan da mako biyar. In tafin hannu ya taɓa ƙasa ya shiga, in bai taɓa ba sai baɗi. Na san mijina sarai. In aka ce baɗi, ya koma benci ke nan har abada.

Ya fara gudu da safe, yana tsallen igiya, yana tsugunna-tashi. Numfashi ya gyaru, amma bayan mako guda yatsun suna nan inda suke. Rannan ina shara yana zaune yana huci, sai na ga ya ƙura mini ido. Na duba kaina. Ƙafafuna a miƙe, bayana a shimfiɗe, hannuna na shafar ƙasa, kamar yadda kowace mace a gidan nan take yi tun tana yarinya. Na ɗauki wuƙa na rage tsintsiyar da kamu guda, na miƙa masa.

"Baban Kausar, ga malaminka. Kullum tsakar gida da zaure, gwiwa a miƙe."

Ya ce in rufa masa asiri. Na ce asirin da zan rufa ke nan.

Da ya idar da asuba yake yi, kafin matan gidan haya su fito. Duk Juma'a nakan ƙara rage tsintsiyar, in sa gawayi in ja layi a ƙwaurinsa inda yatsu suka kai. Layin yana sauka a hankali, ni ko tantama ban yi ba.

A mako na uku Habiba maƙwabciyarmu ta fito alwala ta gan shi. Habiba kuwa ba ta iya riƙe magana ko ta minti ɗaya. Kafin azahar labari ya kai kasuwa, abokan shagonsa suna tambayarsa ko ya iya tuwo ma. Ya dawo fuska a murtuke, ya jefa tsintsiyar bayan randa, ya ce shi da kunfu sun rabu.

Ban lallashe shi ba, raina ne ya ɓaci. Na ce masa mutumin da ya tsaya tsirara rabin jiki gaban ɗaruruwan mutane ana kai masa naushi, yau dariyar masu sayar da silifa ce za ta kayar da shi? Na nuna masa layukan gawayin da na kwafa a jikin bango, saura kamu ɗaya ya kai ƙasa. Na juya na ci gaba da tankaɗen garina.

Washegari sai da rana ta fito sosai, masu kilando suna ta wucewa da fasinja a bayan babur, sannan ya ɗauko tsintsiyar. Ya wuce tsakar gida, ya wuce zaure, ya fita ƙofar gida ya sunkuya. Ya share gabanmu, ya share gaban gidan maƙwabta, har da gaban mai shayi. Wanda duk ya yi masa ba'a sai ya ce ya zo ya gwada taɓa ƙasa. Mutum huɗu suka gwada, ɗaya sai da aka riƙe shi ya miƙe.

Ranar gwaji muka koma Shagwa. Ɗanladi ya haɗe ƙafafu, ya ja numfashi, ya sauka a hankali. Tafukan nan biyu suka kwanta a kan siminti, ya ma tsaya a haka yana jira a ce ya isa.

Metir ya zagaya shi, ya taɓa bayan gwiwarsa, ya ce tamam, ya zo ran Litinin. Sannan ya juyo gare ni ya ce in tambaye shi wajen wane malami ya je, don wannan ba aikin mutum shi kaɗai ba ne.

Na fassara. Ɗanladi ya miƙe yana kaɗe hannu, fuskar nan da na yi shekaru ban gani ba ta dawo.

"Gaya masa gaskiya, Firdausi. Kada ki rage komai."

Na gyara mayafina, na dubi Metir, na ba shi amsa da Larabci, kalma ɗaya tak.

"Ana," na ce. Ni ce.